Kundin aiki: narkar da jiƙon bagaruwa, na sabara da man kanumfari don gwaji kan bakteriya

Birnin Kebbi, Litinin 25 ga Nuwamba, 2024

Samfura uku ne a hannu. Na farko jiƙon 'ya'yan bagaruwa da aka sayo a kasuwar Jega, aka daka, aka jiƙa garin a etanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, aka tace aka busar. Ya fito ja mai duhu, yana farfashewa. Na biyu jiƙon ganyen sabara daga wajen Kalgo, wanda aka ja da hekzen. Shi kore ne mai danƙo da maiƙo. Na uku man kanumfari da aka tatso da tururi.

Babu wanda ke narkewa sarai a ruwa cikin ukun nan, alhali romon da bakteriya ke tsira a ciki ruwa ne kusan zalla. Abin da bai narke ba kuwa bai isa ga ƙwayar cutar ba, ko nawa aka rubuta a jikin kwalba. Shi ya sa za a fara da aikin narkarwa kafin a taɓa ƙwaya ko ɗaya.

Ba za a dogara da gwajin huda aga ko ɗora 'yar takarda ba. Aga ruwa ne daskararre, sinadari mai maiƙo ba ya tafiya a cikinsa, sai ya ba da ɗan ƙaramin zobe ko ya ƙi bayarwa, a ce ba ya aiki. Za a bi hanyar sirki a romo cikin faranti mai gurbi 96, don a samu mafi ƙarancin ƙarfin da ke hana tsiro, wato MIC. Ƙwayoyin gwaji biyu ne: Staphylococcus aureus ATCC 29213 da Escherichia coli ATCC 25922. Jentamaisin ne maganin shaida, wato sanannen maganin da zai nuna ko gwajin na tafiya daidai.

An zaɓi wannan lokaci da gangan. Inkubetarmu ɗumamawa kawai take yi, ba ta sanyayawa, kuma a watan Afrilu zafin garin nan kan haura digiri 40. Da bazara riƙe ta a digiri 35 ba zai yiwu ba.

Laraba 27 ga Nuwamba

Kaya sun iso daga Kano: DMSO, ruwan sinadarin da za a narkar da samfuran a ciki, mililita 500 a kan naira dubu 48, farantai masu gurbi guda ashirin a kan dubu 50, rezazurin, rinin gane ƙwaya mai rai, giram ɗaya, da matatan sirinji. Kwalbar DMSO ta kwana a ƙasa kusa da taga, da safe aka iske rabinta ta daskare. Wannan ba lalacewa ba ce. Tsantsarsa a wajen digiri 18.5 yake daskarewa, sanyin asubar hunturu ya ishe shi. An tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, rufe, har ta narke duka.

Wannan hali nasa ma gwaji ne kyauta. DMSO yana shan laimar iska, kuma wanda ya sha ruwa da yawa ba ya daskarewa ko a firji, ba kuma ya narkar da abu mai maiƙo yadda ya kamata. Tsohuwar kwalbar da ke kan kanta tun damina an saka kaɗan daga cikinta a firji, ta kwana tana ruwa. An janye ta daga aikin. Sabuwar an rarraba ta a ƙananan kwalaben gilashi na mililita 10 don kada a riƙa buɗe babbar.

Ɗalibai su kiyaye: DMSO yana ratsa fata, ya kuma shige da abin da ke narke a cikinsa. Siririyar safar naitiril ba ta daɗewa tana tare shi. Ko ɗigo ɗaya ya taɓa safa, a cire a canza nan take.

Alhamis 28 ga Nuwamba

An dafa romon Mueller-Hinton, giram 21 a lita, da agarsa giram 38 a lita, a otokilef digiri 121 na minti 15. Ma'aunin tsami ya nuna 7.3. An haɗa sabon mizanin McFarland 0.5, ruwa mai hazo da ake daidaita yawan ƙwaya da shi: mililita 0.05 na bariyom kiloraid 1.175% cikin mililita 9.95 na salfurik asid 1%. An farfaɗo da ƙwayoyin a aga.

Litinin 2 da Talata 3 ga Disamba

Gwajin DMSO shi kaɗai, ba jiƙo. Dalilinsa shi ne yadda ake yawan yin aikin nan: a narkar da jiƙo a DMSO, a zuba a gurbin farko, a riƙa kwasar rabi zuwa na gaba. A wannan tsari idan gurbin farko ya ɗauki kashi 10 cikin ɗari na DMSO, na biyu 5 ne, na uku 2.5, na huɗu 1.25. Ƙarfin jiƙo da na abin narkarwa tare suke sauka, don haka idan guraben farko suka fito garau babu mai iya rantsuwa cewa ganyen ne ya yi aikin. Sakamako da yawa da ake murna da su a rubuce-rubucen kammala karatu suna da wannan rauni, kuma abin takaici ne, domin ana iya kauce masa da tubabe takwas kacal.

An jera DMSO a 16, 8, 4, 2, 1 da 0.5 cikin ɗari, aka zuba ƙwayoyin, suka kwana awa 18 a digiri 35. A 16 kusan babu tsiro. A 8 tsiron ya ragu ƙwarai. A 4 akwai ɗan rauni idan aka kwatanta da gurbin da ba DMSO. Daga 2 zuwa ƙasa ido bai ga bambanci ba. An tsayar da kashi 1 cikin ɗari, a kowane gurbi, daga mafi ƙarfi har mafi rauni. Rashin ganin bambanci a 2 ba hujja ba ce ta matsawa can, domin ƙwayar da ke fama da jiƙo ba ta da juriyar wadda ke zaune lafiya a romo.

Lissafin da za a bi: ana son gurbin sama ya zama maikrogiram 1024 a mililita. Uwar narki, narkakken jiƙo mai ƙarfi da ake sirkawa daga cikinsa, sai ta ninka haka sau ɗari, wato miligiram 102.4 a mililita. Sirkin rabi-rabi a cikin tsantsar DMSO za a yi shi, a tubabe takwas, waɗanda za su ba gurabe ƙarfi daga 1024 zuwa 8. Daga kowane tub a ɗebi maikrolita 20 a zuba a maikrolita 980 na romo. Nan DMSO ya koma kashi 2. A sa maikrolita 50 na wannan a gurbi, a ƙara maikrolita 50 na ƙwaya, ya sauka kashi 1.

Juma'a 6 ga Disamba

Haɗa uwar narki. Ba a wahalar da kai wajen auno 102.4 cif, a auno abin da ya samu, a raba da 102.4, a zuba DMSO gwargwadon haka. Bagaruwa miligiram 215 ta ɗauki mililita 2.1, ta narke tas bayan girgizawa. Man kanumfari ma da awo aka ɗebe shi, ba da fifet ba, domin ya fi ruwa nauyi. Ya gauraya nan take.

Sabara ce ta ƙi. Miligiram 205 a mililita 2, an ɗumama a ruwa mai digiri 40 na minti goma ana girgizawa, ruwan ya yi kore amma gudaji suna manne a bangon tub. Hekzen kakin ganye da kitse yake jawowa, DMSO kuwa ba ya jituwa da su. Shi da hekzen ɗin kansa ma ba sa gauraya. An wulwula tub ɗin a santirifuj, aka tsiyaye na sama, aka wanke na ƙasa da ruwa domin DMSO ba ya bushewa da sauƙi, sai digiri 189 yake tafasa. Bayan bushewa abin da ya rage ya kai miligiram 58. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan bai shiga ba. Da an ɗebi na saman an wuce, da an rubuta 102.4 alhali ƙarfin bai kai 75 ba, kuma abin da ke ciki ba shi ne cikakken jiƙon ba.

An gwada cakuɗa DMSO da asiton rabi da rabi, aka kuma sauke ƙarfi zuwa miligiram 25.6 a mililita. Wannan ya narke ba gudaji. Gurbin sama na sabara ya koma 256 ke nan, kuma gurbin shaidarta wannan cakuɗen zai ɗauka a kashi 1, ba DMSO zalla ba. Asiton a digiri 56 yake tafasa, iskar hunturu kuma na kwashe shi da sauri, don haka tub a rufe yake zama, a haɗa a yi amfani ranar. Tsantsarsa na cin robar farantin gurabe. A tubaben folifurofilin ko gilashi ake sirkin, sai ya shiga romo sannan ya hau faranti.

Matatan da aka aiko na selulos asitet ne, kuma DMSO yana narkar da irin wannan fata. An gwada ɗaya, ta kumbura ta toshe. Na nailan ko PTFE mai ƙofar maikromita 0.22 ake bukata. Kafin su samu ba za a tace uwar ba. Bakteriya masu rai ba sa jure tsantsar DMSO, abin tsoro kawai ƙwayayen barci irin na Bacillus da ke biyo ƙurar ganye, su kuma layin da ba a zuba wa ƙwaya ba zai tona su. Tacewa bayan an sirka a romo haramun ce a aikin nan: matata za ta kama duk abin da ya fita daga narki, ƙarfi ya ragu ba wanda ya san da nawa.

Litinin 9 da Talata 10 ga Disamba

Gwajin narkewa a romo, ba ƙwaya. Narkewa a DMSO rabin aiki ne. Da zarar ɗigon ya faɗa romo, kashi 98 na abin da ke kewaye da shi ruwa ne. Yadda ake zubawa yana da tasiri: uwa ake ɗigawa cikin romo mai ɗumin ɗaki ana girgizawa, da bakin fifet a nutse. Idan aka juya, aka zuba romo a kan uwa, ko aka yi da romo mai sanyin firji, nan take abu ke ƙullewa kuma ba ya komawa.

An duba tubabe a gaban baƙar takarda da fitila daga gefe, sa'ar haɗawa da kuma washegari. Sabara ta yi hazo a 256, da safe an ga ɗigo-ɗigon kore a bango. A 128 garau take. Iyakarta 128. Bagaruwa ta yi hazo nan take a 1024 da 512, da safe guggubi mai ruwan ƙasa ya kwanta. A 256 launi kawai ta ba romo. Man kanumfari ya nuna 'yan ƙananan ɗigo a 1024.

Alhamis 12 ga Disamba

Farantan farko sun tashi a banza. An ɗauke wuta da dare, janareta ya mutu kafin asuba, ma'aunin da ke riƙe mafi ƙanƙantar zafi ya nuna inkubeta ta sauka digiri 24. Gurbin shaidar tsiro ya fito da rauni, don haka ba a karanta komai ba. Gurbi garau a irin wannan faranti sanyi ne zai iya jawo shi.

Farantan sun nuna wata matsalar kuma. Guraben gefe sun ƙafe, wasu sun rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwansu. Gurbin da ya ƙafe ƙarfin jiƙonsa da na DMSO duk sun hau, domin ruwa ne ke tashi, DMSO na zaune. Daga yau guraben gefe 36 ruwa mai tsabta za a cika musu, a yi aiki da 60 na ciki. Farantai za su shiga roba mai murfi da jiƙaƙƙiyar auduga, an kuma jera kwalaben ruwa a ƙasan inkubeta don su riƙe ɗumi idan wuta ta tafi. Ba za a sake ɗora faranti ba sai da fetur na dare guda a ajiye.

Tsarin faranti: samfur ɗaya a kowanne. Layi biyu na S. aureus, biyu na E. coli, biyu ba ƙwaya. Ginshiƙi takwas na sirki, na tara abin narkarwa kashi 1 ba jiƙo, na goma romo zalla.

Talata 17 da Laraba 18 ga Disamba

An maimaita, wuta ta tsaya, zafi bai fita tsakanin 34 da 36 ba. An daidaita ƙwaya da McFarland 0.5 a ruwan gishiri 0.85%, aka sirka mililita 0.1 cikin 14.9 na romo, aka zuba kafin minti 15 su cika. Don tabbatar da yawan ƙwaya an ɗebi maikrolita 10 daga gurbin shaida zuwa mililita 10 na ruwan gishiri, aka shimfiɗa maikrolita 100 a aga. Ana sa ran wajen ɗigon tsiro 50. An ƙirga 46 da 57. Jentamaisin, daga gari ba daga kwalbar allura ba, ya ba da MIC na maikrogiram 0.5 a mililita a kan ƙwayoyin biyu. Ƙa'idar E. coli ɗin nan 0.25 zuwa 1 ce, ta S. aureus 0.12 zuwa 1, to ya faɗa ciki. Gurbin DMSO da na cakuɗen asiton sun tsira daidai da romo zalla.

Sabara: ƙwayoyin biyu sun tsira har a 128. Abin da za a rubuta shi ne MIC ya haura 128, tare da bayanin cewa nan narkewa ta tsaya. Ba za a rubuta cewa sabara ba ta da aiki ba. Jiƙon hekzen ɗaya ne aka gwada, masu magani kuwa a ruwa suke dafa ganyen, kuma abin da ruwa ke jawowa daban ne.

Bagaruwa ta ɗauki lokaci. A layin S. aureus, 64 ya tsira, 128 da 256 garau, sai 512 da 1024 suka yi hazo da guggubi. Mai karantawa da ido kawai zai ce ƙwaya ta dawo a ƙarfi mafi girma. Ruwa ba ya tsami banza, amma layin da ba ƙwaya ya nuna hazo iri ɗaya a gurabe iri ɗaya. Tanin ne. Shi ne abin da majema ke nema a bagaruwa don jeme fata, domin yana kama furotin ya ɗaure shi. Romon Mueller-Hinton kuwa da ruwan nama da narkakken kezin da ɗan sitaci aka yi shi, tanin ya samu abin kamawa.

An zuba rezazurin 0.015%, maikrolita 30 a gurbi, aka mayar awa biyu. Inda ƙwaya ke raye shuɗi kan koma ruwan hoda. Ya yi aiki a farantin sabara da ƙananan guraben bagaruwa. A 512 da 1024 launin jiƙon ya danne shi, layin da ba ƙwaya ma ya sauya zuwa wani algashi mai datti, domin sinadaran bagaruwa na iya juya rinin da kansu. Saura hanya ɗaya: daga faranti na biyu da ba a sa wa rini ba an ɗebi maikrolita 10 daga kowane gurbi aka shimfiɗa da faɗi a aga, don kada ragowar jiƙo ta hana tsiro a wurin. Maikrolita 10 na farkon zubi na ɗauke da ƙwaya kamar 5,000, saboda haka ɗigo biyar ko ƙasa da haka na nufin an kashe 99.9%.

Alhamis 19 ga Disamba

Agar jiya: S. aureus ba ta fito ba daga 512 da 1024. Daga 128 da 256 ta fito. MIC 128, ƙarfin kisa 512. E. coli ta cika aga daga kowane gurbi har 1024. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tana da fatar waje da S. aureus ba ta da ita, kuma manyan sinadarai na shan wuyar ratsa ta.

Adadin 512 ɗin da alamar tambaya za a rubuta shi. A gurbin da guggubi ya kwanta, abin da ya rage a narke bai kai abin da aka zuba ba, romon kuma ya rasa wani ɓangare na abincinsa. Tanin na kama ƙarfen da ƙwaya ke bukata, wannan ma na iya shiga lissafi ko a 128.

Litinin 23 ga Disamba

Hutu. An zubar da ragowar uwar narki. Da wutar nan, daskarewa da narkewa a firiza zai riƙa fitar da abu daga narki. Busassun jiƙo suna cikin tulun busarwa a duhu. Ƙwayoyi a aga mai gangare cikin firji.

Litinin 6 ga Janairu, 2025

Matatan nailan sun iso daga Legas. An farfaɗo da ƙwayoyi, an dafa sabon romo, an haɗa sabon rezazurin domin na baya ya wuce mako biyu.

Laraba 8 da Alhamis 9 ga Janairu

Man kanumfari ta hanya uku, kowace a farantinta: DMSO kashi 1, Tween 80, sinadari mai kama da sabulu da ke haɗa mai da ruwa, kashi 0.5, da romo mai aga 0.15%, wadda ke ɗan kaurara ruwa ta riƙe ɗigon mai a warwatse. An liƙe saman gurabe da leda mai manne domin turirin man na tsallakawa maƙwabta.

DMSO da aga sun ba da 512 a kan ƙwayoyin biyu. Da Tween an tsira har a 1024, duk da cewa a ido shi ya fi kowanne gauraya kyau. Tazarar mataki ɗaya ba a ɗaukarta komai a wannan gwaji, amma nan ta kai aƙalla biyu. Babban sinadarin kanumfari yujinol ne, daga dangin finol. Tween na dunƙulewa ya kulle irinsa a ciki, sai ruwa ya yi kyau amma abin da ke yawo ya isa ga ƙwaya ya ragu. Saboda wannan hali ne ma ake sa Tween 80 a romon da ake kashe kaifin magungunan tsabtace wuri da shi. Kashi 0.002 da ƙa'idar CLSI, cibiyar da ke tsara ƙa'idojin irin wannan gwaji, ta tanada wa wasu magunguna irin su dalbabansin don hana su mannewa a roba abu ne daban, 0.5 ya ninka shi sau 250. An cire Tween daga aikin. DMSO za a riƙe, domin aga na sa romo ɗan hazo, dole sai da rini ake karantawa.

Talata 14 ga Janairu

An maimaita bagaruwa da kanumfari a ranaku daban da sabuwar uwa da aka tace a nailan. Kanumfari 512 bai motsa ba. Bagaruwa a kan S. aureus ta ba da 128, wani zubin 256, wanda ke cikin tazarar da aka yarda da ita. Tacewar ba ta canza sakamako ba. A ma'aunin masu binciken tsirrai, jiƙon da ya sauka ƙasa da 100 shi ake kira mai ƙarfi, wanda ya haura 1000 kuma ba a binsa. Bagaruwa tsaka-tsaki take.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau, ban da romo da ƙwayoyi da aka tarar, ya kusa naira dubu 210, kuma fetur ya ci fiye da DMSO. Farantai biyar suka rage.

Mataki na gaba: a ratsa jiƙon bagaruwa ta garin PVPP, wanda ke kama tanin, a tabbatar da gwajin jelatin cewa ya fita, a busar a auna abin da ya rage, sannan a sake gwadawa a kan S. aureus gefe da gefe da wanda ba a taɓa ba. Za a kuma yi wa sabara jiƙon ruwa da na etil asitet. Ana bukatar PVPP giram 25 da ƙarin farantai goma, kuma oda ta fita cikin makon nan don a gama kafin zafin Maris.